Neman Karatun Likitanci Karo Na Biyu: Ina Rabon Ƴan Madawa, Buza Da Keita?

A duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, can cikin damina lokacin da hatsi ya fara rufe gwiwa, wayar gidan rediyon da nake aiki ba ta hutawa. Masu murna su kira a gaishe su, a sa musu kiɗa, waɗanda abin bai yi wa daɗi ba kuwa galibi shiru suke yi. Sai bayan kaka, lokacin da jami'o'i suka liƙa sunayen waɗanda suka ɗauka, sannan wani kira na daban yake fara shigowa, wato kiran iyaye. A cikin irin wannan ne wani dattijo manomin albasa daga wani ƙauye na yankin Tamaske ya kira ni shekara biyu da suka wuce, bayan an rufe shiri, domin ba ya son a ji muryarsa a rediyo. Ɗansa ya faɗi bak a karon farko, ya maimaita aji, ya samu a karo na biyu, ya kai takardunsa yana neman karatun likitanci, amma sunansa bai fito ba. Tambayar dattijon guda ɗaya ce: ya ƙara ciyar da yaron shekara guda ya sake nema, ko kuwa ya ƙyale shi ya bi ƴan uwansa bida Abijan? Ya ce shi bai yi lakwal ba, ni kuwa yana jin ina juya Faransanci a rediyo, don haka in faɗa masa gaskiya tsakanina da Allah.

Na ce masa, Baba, ka ba ni kwana biyu in yi tambaya. Abin da na tattara tun daga wannan rana shi ne nake son in baje wa mai karatu, domin na tabbata ba gidan dattijon nan kaɗai ake wannan shawara ba.

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumomin Madawa, Buza da Keita sun haɗa mutum fiye da miliyan 1 da dubu 300, Madawa kaɗai ta haura dubu 500, kuma duk wanda ya san yadda haihuwa take a ƙasar nan ya san yau adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ma'aunin da jami'an kiwon lafiya suka saba ambatawa shi ne likita 1 ga mutum dubu 10. Nijar gaba ɗayanta ba ta kai rabin wannan ba, ƴan likitocin da ake da su kuma mafi yawansu suna Yamai da sauran manyan birane. Wanda ya taɓa kwana a sashen yara na asibitin Madawa cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tun bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take ba da hannu a can, masu neman fiɗa kuwa da yawa Galmi suke nufa, asibitin mishan da aka buɗe tun 1950. Saboda haka duk yaron Karofan ko Garhanga ko Bangi da ya ce zai zama lokotoro, sha'aninsa ya shafi kowa, don shi ne wanda tsohuwa za ta yi wa bayanin ciwonta da Adaranci ko Tamajak ba tare da tafinta ba, shi ne kuma aka fi sa ran zai yarda ya zauna idan aka turo shi gida.

To, ina ƙofofin suke? Shekaru da dama ƙofa ɗaya ce tak, wato makarantar koyon kiwon lafiya ta jami'ar Yamai wadda aka kafa a 1974, wadda daga baya ta zama tsangaya, a jami'ar da tun 1992 ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, daga bisani Maraɗi da Damagaram suka buɗe nasu tsangayoyin kiwon lafiya. Wannan ya kawo sauƙi ƙwarai, musamman ga ɗan Madawa, wanda tsakaninsa da Yamai akwai wajen kilomita 500, Maraɗi kuwa ba ta kai 200 ba, yana iya tashi da safe ya yi azahar a can. Sai dai kuma yadda ƙofofin suka ƙaru, haka masu ƙwanƙwasawa suka ƙaru, har ma fiye. Likitanci ba irin karatun da ake tara mutum dubu a babban zaure a yi musu lacca a watse ba ne, dole kowane ɗalibi ya tsaya gefen gadon mara lafiya ƙarƙashin wani babban likita, gadaje da malaman kuwa a ƙidaye suke. Shi ya sa ake tantancewa. Bak na fannin kimiyya ake nema, wato C ko D, abin da ya fi nauyi a idon masu tantancewa kuma shi ne makin da ɗalibi ya fito da shi, musamman a lissafi, fizik da shimi, da ilimin halittu wanda ɗalibai ke kira SVT.

Kalmar “mai sake nema” ta haɗa mutum biyu waɗanda halinsu ya sha bamban, iyaye kuma sukan ɗauke su ɗaya. Na farko shi ne wanda ya faɗi bak ɗin kansa, zai maimaita ajin ƙarshe na lise, ko ya shiga jarrabawar a matsayin mai zaman kansa, abin da ake kira kandida libir. Na biyu shi ne wanda ya samu bak, ya nemi likitanci ba a ɗauke shi ba, yana so ya jira baɗi ya sake kai takardu. A idon jama'a na farkon ne abin tausayi, shi ake yi wa jaje, na biyun kuwa an riga an yi masa guɗa. Amma idan likitanci ake magana, ni a ganina na farkon ya fi na biyun riƙe da dama a hannu.

Ga dalili. Faɗuwa bak a ƙasar nan ba abin kunya ba ne, don masu faɗuwar su ne mafi rinjaye: a 2021 waɗanda suka yi nasara ba su kai kashi 25 cikin 100 ba, a 2022 kuma ba su kai 30 ba. Wanda ya faɗi zai sake zama gaban farar takarda, makinsa na bara ya tafi da bara. Ya riga ya san yanayin ɗakin jarrabawa, ya san inda lokaci ya ƙure masa, ya san babin da bai taɓa buɗewa ba. Ana lissafin bak ne bisa 20. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 shi ne pasabul, 12 zuwa ƙasa da 14 ase biyen, 14 zuwa ƙasa da 16 biyen, daga 16 zuwa sama kuma tire biyen. Wanda ya kusa kai 10 bai kai ba akan ba shi damar zagaye na biyu, idan ya tsallake galibi da pasabul yake fita. Mai maimaitawa da ya yi aiki tuƙuru yana iya tashi daga 8 ya kai 12 ko 13, na ga waɗanda suka yi haka da idona. Matsalar ita ce mafi yawansu ba wannan suke nema ba, burinsu kawai su tsallake, a daina yi musu kallon wanda ya faɗi. Wanda ke son likitanci kuwa tsallakewa kaɗai ba ta isar masa, tun ranar farko ta shekarar maimaici ya kamata ya san 10 ba za ta kai shi ko'ina ba.

Shi kuwa na biyun, wanda ya samu bak da 10 da ƴan kai, makin nan ya zama nasa, an buga shi a takarda an sa hatimi. Idan ya zauna gida shekara guda ya dawo da takardar nan, ita ce dai ta bara, ba ta ƙara komi ba, alhali kuwa ga sababbin ɗalibai dubbai sun fito daga lise na Yamai, Maraɗi da Damagaram, wasunsu daga makarantun kuɗi masu ɗakin gwaje-gwaje da malamin da ke bin yaro har gida. Takardar da ba ta wuce bara ba, da wane dalili za ta wuce bana? Sai fa idan an ƙara yawan gurabe, ko kuma bara ƙiris ya rage masa. Wannan ita ce maganar da na fi jin nauyin faɗa wa dattijon nan, don ɗansa a wannan rukunin yake. Bugu da ƙari, sharuɗɗan ɗauka ba a dutse aka sassaƙa su ba, kowace jami'a tana fitar da sanarwarta a kowace shekara. Abu biyu mai sake nema zai fara dubawa cikin sanarwar kafin ya kashe ko dala: ko an yarda da bak na shekarar da ta gabata, da kuma ko an sa iyakar shekarun haihuwa. Na sha ganin yara sun biya kuɗin mota da na hotuna da na sa hatimi a kan kwafin takardu, ba su karanta layi biyun nan ba.

A wasu ƙasashe abin ba haka yake ba, shi ya sa labarin da muke ji daga can yake ruɗin mu. A Nijeriya, wadda ɗan Bangi ke shiga cin kasuwa ya dawo a yini guda, mai son jami'a jarrabawar hukumar JAMB yake zaunawa, ana lissafinta bisa 400, sakamakon kuma na shekara ɗaya ne. Wanda ya nemi likitanci a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato bai samu ba, baɗi sabuwar jarrabawa zai yi da sabon maki, don haka ba abin mamaki ba ne ka ji likita a can yana cewa sai a karo na uku ya shiga. A Faransa kuma, wadda daga wurinta muka gaji tsarin bak, tun 1971 gwamnati ke ƙayyade yawan waɗanda za su wuce aji na biyu a likitanci, ana barin kowa ya shiga shekarar farko sannan a yi gasa a ƙarshenta, ɗalibi yana da damar gwadawa sau biyu. A wannan tsarin masu maimaitawa su ne suka fi cinye gurabe, don sun ga darussan sau biyu. A 2020 Faransa ta soke tsarin, yanzu ba a maimaita shekarar farkon, wanda bai wuce ba sai ya koma wani fanni ya ci gaba da karatu, daga can ya sake gwada sa'arsa. Wato su ma sun lura cewa ajiye matashi shekara guda yana jiran ƙofa ɗaya asara ce. Duk inda ka ji mai maimaitawa ya yi nasara, ka bincika za ka tarar an ba shi sabuwar jarrabawa ne, ba tsohon maki ya sake miƙawa ba.

Sai mu dawo ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: me ya sa makin yaranmu na kimiyya yake fitowa ƙasa tun farko? Ba ƙwaƙwalwa ce babu ba. Yaron da zai lissafa maka ribar buhu 200 na albasa daga Tamaske zuwa Abijan da ka, ya cire kuɗin mota da na dillali da abin da zai ruɓe a hanya, ba za a ce ba ya jin lissafi ba. Ni ma sau biyu na zauna bak. Karo na farko a D na yi, a wani lise da ba sai na kama suna ba, inda malamin fizik bai iso ba sai da aka ci rabin zangon farko, ya yi ƴan watanni kuma aka shiga yajin aikin ƴan kwantaragi. Har na bar makarantar ban taɓa leƙa mikroskop ba, a allo aka zana mana shi da alli. Da na faɗi sai na gudu na koma A, na samu, ga ni yau ina surutu a rediyo. Ban yi da-na-sani ba, amma na san abokai biyu a ajinmu da suka fi ni kai nesa, waɗanda da sun samu malami shekara guda cur da yau wani labarin ake yi. Ɗayansu yana sayar da kayan waya a Libiya.

Wannan ya nuna cewa maimaita aji a wuri guda, da malamai guda, da rashin littafi guda, ba lallai ya canza komi ba. Mai maimaitawar da na ga ya ɗaga makinsa sosai, kusan kullum akwai abin da ya sauya a rayuwarsa: ko ya koma Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi wurin wani ɗan uwa, ko ya shiga ƙungiyar abokai masu bitar tsofaffin tambayoyin bak da dare a ƙarƙashin fitilar titi, ko kuma iyayensa sun ɗauke masa aikin garka. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. Ban-ruwan albasa yana kamawa ne daga sanyi har zuwa bazara, daidai lokacin da ake tsakiyar karatu, yaron da ya yini a fadama kuwa idan ya buɗe littafin shimi da dare barci ne zai karanta. Akwai kuma Faransanci. Ko da yake tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, har yanzu da Faransanci ake yin bak da karatun likitanci, yara da dama kuma ba kimiyyar ce ke kayar da su ba, tambayar ce ba su gane abin da take nufi ba.

Ga ƴa mace kuwa shekarar jira tana da wani farashi na daban. A ƙasar da kusan mata 3 cikin 4 ake aurar da su kafin su cika shekara 18, yarinyar Buza ko Keita da ta kai ajin ƙarshe na lise ta riga ta sha surutun dangi iya sha. Muddin tana zuwa makaranta, uwarta tana da amsar da za ta ba masu tambaya. Ranar da aka ce tana zaune gida tana jiran baɗi, amsar ta ƙare. Shi ya sa duk uwar da ta kira ni kan haka nakan ce mata, Inna, ko wane fanni aka ba ta ta karɓa ta tafi, kada ta kwana biyu a ɗaki. Alhali kuwa likita mace ita ce abin da yankin nan ya fi ƙishirwa, don mata nawa ne ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu saboda kunyar namiji?

A yi lissafin shekaru kuma. Yaron ƙauye da wuya ya samu bak kafin shekara 20 ko 21, idan ya maimaita ya kai 22. Karatun likitanci shekara 7 zuwa 8 ne idan komi ya tafi daidai, a jami'o'inmu kuwa an sha ganin shekarar karatu ta shiga cikin wata saboda yajin aiki. Shekarar farko ma wani rariya ce, shiga ba ita ce fita ba. Ke nan uban da ya ce a jira baɗi, ya sani alkawarin kusan shekara 10 yake ɗauka, kuma ba kowane ɗalibi ne hukumar ANAB ke ba tallafin karatu ba.

Ba ina cewa kowa ya haƙura ba ne. Wanda ƙiris ya rage masa, sanarwar bana kuma ta ba shi dama, ya sake kai takardunsa, amma ya kai su yana cikin wani karatun, ya kuma nema a duk jami'o'in da ke da tsangayar, kada ya kafe kan Yamai kaɗai. Masu babban maki su sa ido kan guraben karatu da ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko ke ba Nijar. Akwai kuma makarantun koyon aikin jinya da ungozoma na gwamnati a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, wanda ya rasu a 2009, ma'aikacin jinya ne, ɗan wasan fim tare da Baturen nan Jan Rush, kuma mai shirin kiwon lafiya a rediyo, don haka mu ƴan rediyo muna ganinsa namu ne. Mutane suna raina wannan hanya, suna ganin faɗuwa ce, amma a yawancin ƙananan asibitocin karkarar Madawa da Buza da Keita ma'aikacin jinya shi ne shugaba, shi ne mai duba mara lafiya, shi ne ke yanke shawarar a ɗora mai naƙuda a mota ko a jira. Makarantun lafiya na kuɗi ma sun yi yawa a birane, wanda zai sa ɗansa sai ya fara tabbatar da cewa gwamnati ta amince da makarantar da kuma takardar da take bayarwa, kafin ya sayar da sa.

Duk wannan na faɗa wa dattijon Tamaske, a waya, wajen rabin awa, har kuɗin wayarsa suka ƙare na sake kiransa. Bai ji daɗin maganar ba, yaron ma haka, ya ce shi sai ya sake gwadawa. Ya gwada, da takardar nan ta bara, sunansa bai fito ba. Sai dai wannan karon ya nemi wani fannin tare, yanzu haka yana Maraɗi yana karatun ilimin halittu, bai tafi Abijan ba. Kwanan baya dattijon ya sake kira na bayan an rufe shiri. Ashe yaron yana da ƙanwa, bana take ajin ƙarshe a D, ita ma likitanci take so. Ya ce tun kafin a koma makaranta ya ɗauke ta ya kai ta Tawa wurin gwaggonta, ya sayar da buhu huɗu na albasar da ya ajiye a rudu ya saya mata littattafan tsofaffin tambayoyi da fitila mai aiki da hasken rana. Abin da yake so in tambayo masa yanzu shi ne ko da wani malamin fizik da na sani a Tawa mai koyarwa da yamma, da kuma nawa yake karɓa a wata.